Gemun Bunsuru a Ramin Ɓera

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta!

Awaki suka ce wanda ya fi dogon gemu za su naɗa sarki. Kullum sai Bunsuru ya je wurin Biri wanzami a rage masa nasa.

Biri ya gaji, ya ce, "Haba Malam Bunsuru! Gashi daga tushe yake tsirowa, ina ruwansa da almakashina?"

Bunsuru ya ce, "Ɓera ya ce aski ke sa shi saurin fitowa. Yanke kawai!"

Ranar naɗi haɓar Bunsuru tal, aka ba wani sarauta. Ya dawo a guje: "Tattaro mini gashina a liƙa!"

Biri ya ja tsaki, ya ce, "Je ramin Ɓera. 'Ya'yansa bakwai a kansa suke kwana."

Ƙurunƙus, kan Ɓeran nan mai katifa!