Dokin da Ya Ƙi Tashi

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai yalwar ƙasa da yalwar ciki. Ƙasar gadonta ya yi, cikin kuwa shi ya gina abinsa da kitsen rago da alkaki da zuma. Tun da ya hau mulki, daga shimfiɗa sai karaga, lofen taba kuma ba ya barin bakinsa.

Ana nan sai sarki ya rasa ƙarfinsa na ɗa namiji. Bai gaya wa kowa ba sai Waziri Gambo. Ya sha jiƙo, ya sha tsimi, shiru. Sai ya yanke cewa sammu aka yi masa ta abinci, ya sa aka kulle Cindo mai dafa masa abinci, za a yi masa bulala a kore shi daga ƙasar.

Waziri ya san Cindo ba shi da laifi, domin abin da ya sami sarki shi ma ya same shi, alhali bai taɓa cin girkin Cindo ba. Amma ina bakin faɗa? Sai ya je bayan gari ya zo da Malam Jibo, wani siririn tsoho masanin magani, ya gabatar da shi ana tsakiyar fadanci.

Sarki ya dubi fadawa, kunya ta hana shi kiran abin da sunansa. Ya ce, "Malam, ina da wani aboki mai ingarman doki. Da can ba ya jiran ƙaimi. Yanzu ya kwanta, an yi lallashi, an yi tsawa, ya ƙi tashi."

Malam Jibo ya ce, "Ya sarki, a jawo dokin nan gaban fada mu duba shi."

Sarki ya yi tari. "Ba ya fita bainar jama'a."

"Ashe doki ne mai kunya. To, yaushe rabon mai shi da ya gan shi da idonsa?"

Sarki ya sunkuya, idonsa ya sauka a kan tumbinsa. Ya ce, "An daɗe. Akwai tudu a tsakaninsu."

Waziri ya ja nasa cikin a hankali. Da ya saci kallo, sai ya ga rabin fadawa sun ja nasu.

Malam ya ci gaba. "Abokin nan yana yawan jin ƙishirwa? Yana yawan zagayawa, kiyashi kuma suna taruwa inda ya zagaya? In ya hau 'yar matakala yana haki? Yana busa hayaƙi?"

Kowace tambaya sarki ya amsa da "E", muryarsa tana ƙara yin ƙasa.

Malam ya ce, "Ya sarki, wannan doki ba ciyawa ke tashe shi ba, jini ne. Jini kuwa ta hanyoyi yake isa gare shi, kamar yadda ruwa ke bin magudana zuwa lambu. Kitse ya cushe su, zaƙi ya cinye su, hayaƙi ya ƙuntata su, zama ya sa ruwan ya kwanta. Magudanar dokin ce mafi ƙanƙanta, shi ya sa ta riga toshewa. Ta zuciya tana biye. Dokin bai ci amanar mai shi ba, gargaɗi yake yi masa."

Sarki ya ce, "To, ai mai girki ne ya ɗura masa kitsen!"

Waziri ya yi ta maza ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ji ta bakinsa."

Aka kawo Cindo. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka ce in dafa nake dafawa. Ranar da na kawo zogale da wake, da akushin aka jefe ni. Ga tabon a goshina."

Malam ya ce, "Wa ya jefe ka?"

Cindo ya dubi sarki, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Abokin sarki ne."

Waziri ya sadaƙar yau kan Cindo zai faɗi. Can sai kafaɗun sarki suka fara girgiza, ya fashe da dariya har lofe ya suɓuce masa. Ya sa aka saki Cindo, ya tuɓe rigarsa ya ba shi, ya nemi gafararsa a gaban kowa. Sannan ya ce, "Malam, dokin zai tashi?"

"Wani yakan tashi da wuri, wani yakan yi nawa, Allah ne mai iko. Amma in mai shi ya rage zaƙi da maiƙo, ya ajiye lofe, ya riƙa takawa da ƙafarsa, ko ba komai zai ga jikokinsa."

Waziri ya matso ya ce a hankali, "Malam, ni ma ina da wani aboki."

Malam ya ce, "Na gan shi tun a ƙofar gidana."

Washegari da hantsi aka ga sarki yana zaga ganuwa a ƙasa, Waziri da fadawa na biye suna haki, kowa yana rantsuwa rakiya kawai ya zo. Sarki ya tsaya ya share gumi, ya ce, "Ya Waziri, ka shaida: mai hukunci ba ya zama adali sai ya tuhumi kansa kafin ya aika a kamo wani."