Gardama a Kan Murhun Gwauruwa

A wani ƙauye akwai wata gwauruwa, tana da 'ya'ya maza biyu. Tun tana budurwa take girki a kan duwatsu uku, da itacen da ta ɗauko a kanta. Da fari dajin a bayan gida yake. Da ta haifi ɗanta na biyu, sai ta haye rafi kafin ta sami busasshen reshe. Da tsufa ya zo, tafiyar ta zama ta rabin yini, abin da take dawowa da shi kuwa ba ya wuce kwana biyu. Idanunta suka yi ja saboda hayaƙi, tari kuma ya zauna mata a ƙirji.

'Ya'yan suka girma. Babban ya zama direban tankar mai. Ƙaramin ya zama malamin daji, yana raba wa ƙauyuka dashen itatuwa, yana hana sara. Dukansu biyu suna ƙaunar uwarsu.

Wata rana babban ya zo da tukunyar gas, ya ajiye a madafa, ya kunna. Ya ce, "Inna, daga yau kin rabu da hayaƙi." Matar ta daɗe tana kallon wutar, shuɗiya, ba toka, ba gawayi. Wata uku ta yi tana girki da ita. Tarin ya lafa, wuyanta ya huta da ɗaukar kaya.

Sai ƙaramin ya dawo daga wurin aikinsa, ya ga tukunyar, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Yaya, wannan da man da kake ɗauka tushensu ɗaya. Su ne suke ƙara wa duniya zafi. Ba ka ga rafinmu ya ƙafe ba? Ba ka ga damina tana zuwa a makare ba? Guba ka kawo wa Inna."

Babban ya ce, "Man nan da kake zagi shi ya kai ka makaranta. Shi yake kai mai naƙuda asibiti, shi yake juya injin niƙa. Me za ka ba ta a madadinsa?"

Ƙaramin ya ce, "Murhu mai aiki da hasken rana. An yi mana alkawarinsa a wurin aiki, wata mai zuwa."

Magana ta yi zafi. Babban ya ji ciwon kalmar nan ta guba. Ya tashi, ya saɓa tukunyarsa a kafaɗa, ya ce, "To, ka kawo naka mu gani." Kafin ƙaramin ya tafi, shi ma ya roƙi uwarsa kada ta ƙara shiga daji da gatari, don kada a ce mai hana sara uwarsa ce take sara. Ta ce to. Ko bai roƙa ba, ƙafafunta sun riga sun gaza.

Wata mai zuwa ya zo, ya wuce. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Murhun rana bai iso ba, tukunyar gas kuma ba ta dawo ba. Matar ta ƙone karan dawa har ya ƙare. Ta ƙone totuwar masara. Daga nan ta koma tsintar busasshen kashin shanu, tana hura wutar da tsofaffin ledoji, gama ba ya ci da sauri.

Kowace Lahadi bayan sujada 'ya'yan sukan zo gaishe ta. Su zauna a inuwar darbejiya a tsakar gida, ta kawo musu tuwo, su ci, su ɗora gardamarsu daga inda suka tsaya. Wannan ya kawo abin da ya ji a rediyo, wancan ya kawo abin da ya gani a hanya. Daga madafa tana jin muryoyinsu. Ta lura kowannensu yana faɗin gaskiya. Ta kuma lura ba wanda ya taɓa tambaya da me aka dafa tuwon. Ba ta yi fushi ba. Gajiyar da ta yi ta fi ƙarfin fushi.

Ran nan suka zo kamar kullum, za su shimfiɗa tabarma, sai ta ce, "Yau a madafa za ku zauna." Suka dubi juna, suka bi ta. Ta zaunar da babban a kan turmi, ƙaramin a kan kujera 'yar tsuguno. Ta jera kashin shanun, ta cusa leda, ta ƙyasta ashana, ta jawo ƙyaure kamar yadda ta saba don kada iska ta kashe wutar. Sa'an nan ta ce, "Ku ci gaba. Ina kuka tsaya makon jiya?"

Babban ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Ƙaramin ya fara magana, hawaye suka cika masa ido, bai ƙarasa ba. Ruwa bai ko yi ɗumi a tukunya ba suka ture ƙyauren, suka fita suna haki.

Ita kuwa ta zauna. Ta yi talge, ta tuƙa, ta kwashe. Da ta fito da akushi, ta ajiye a gabansu, ta share ido da gefen zane, ta ce, "Ku kun sami hanyar fita. Ni safe da yamma, wata goma sha ɗaya ke nan."

Ba wanda ya iya sa hannu a tuwon.

Kashegari babban ya dawo da tukunyar gas, ƙaramin ne ya sauke ta daga mota da hannunsa. A makon nan kuma ƙaramin ya kwaɓa laka, ya gina mata murhu mai cin itace kaɗan, da bututun da yake fitar da hayaƙi waje, saboda ranar da gas ya ƙare. Babban ne ya ɗebo masa ruwan kwaɓin. Suka kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce hayaƙin ya riga ya yi ɓarna, magani zai rage, amma ba zai warkar ba. Ta rayu shekaru bayan haka, sai dai ba ta ƙara iya jan waƙa a zumuntar mata ta coci ba, gama numfashinta ba ya kai ƙarshen baiti. 'Ya'yan kuwa har yau ba su daidaita a kan maganar mai ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. 'Ya'yan nan biyu mu ne. Waɗansunmu suna cewa mai da gas da kwal suna lalata ƙasar da Allah ya ba mu amana, gaskiya suka faɗa. Waɗansu suna cewa in babu su talaka ba zai yi girki ba, ba zai yi niƙa ba, ba zai isa asibiti ba, su ma gaskiya suka faɗa. Gwauruwar ita ce duk wanda yake shan wahalar gardamar alhali ba a tambaye shi ba. Laifin babban shi ne ya janye taimakonsa don a san shi ne da gaskiya. Laifin ƙaramin shi ne ya raba uwarsa da abin da yake hannunta saboda abin da bai riga ya iso ba.

Ban ce ku bar muhawara ba. Dole a yi ta, gama jikokinmu za su zauna a ƙasar nan bayanmu. Amma Ubangijin da ya ba mu amanar ƙasa shi ne ya ba mu amanar maƙwabci, ba zai karɓi ɗaya a bakin ɗaya ba. Ni ma na sha zama a inuwa ina kawo hujja, cikina cike da abincin da ban san yadda aka dafa shi ba. In mun tashi daga nan yau, kowa zai tarar da abinci a gida. Kafin ka sa hannu, ka leƙa madafa, ka tambayi wadda ta dafa, "Da me kika hura wuta?" Sa'an nan ka tsaya ka ji amsar.