Shaidar Tsakuwa a Fadar Sarki Zubairu

A zamanin da siminti ya fara shiga ƙasar Tudun Maje, an yi wani sarki mai suna Zubairu, mutum mai himma da son abu mai kyan gani, wanda ya sa aka gina wa talakawansa gadar kankare a kan kogi. Damina biyu kacal, gada ta tsage ta rufta. Fadawa suka ce ai Tanimu Sarkin Magina ne ya yi ha'incin siminti. Aka ɗaure bawan Allah, aka sa ranar korarsa daga ƙasar, shi da iyalinsa.

Sai ga wata tsohuwa mai sana'ar fasa dutse, Gwaggo Ladi, ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin a zartar da hukunci, ina neman alfarma a saurari shaidar tsakuwa."

Sarki ya yi mamaki, ya ba da izini. Ta sa aka kwaɓa kankare kashi biyu da awon siminti da yashi da ruwa iri ɗaya, na farko da tsakuwar kogi mai santsi irin ta gadar, na biyu da fasasshen dutse mai kaushi. Kwana ashirin da takwas ana ba su ruwa.

Ranar gwaji, kai jama'a, fada ba masaka tsinke! Wani ƙato ya ɗaga guduma ya sauke wa na farko. A bugu na uku ya wargaje, tsakuwa na ta gangarowa sumul, ko ɗigon siminti babu a jikinta. Na biyun kuwa, wallahi sai da ƙotar gudumar ta karye! Wuri ya kaure da sowa, har Sarki ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe," in ji tsohuwa, "siminti wurin kamawa yake nema. Mai santsi zame masa take yi, mai kaushi ita yake riƙewa."

Sarki ya daka tsawa, "Wane jahili ne ya zaɓi waccan tsakuwa?"

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya taimake ka, sau uku Tanimu yana nasiha, amma aka ce mummunan dutse bai dace da gadar sarki ba."

Nan take Sarki ya gane maganar bakinsa ce. Kunya ta rufe shi. Ya sauko ya kwance Tanimu da hannunsa, ya yafa masa alkyabbarsa, ya ba Gwaggo Ladi gida da gona, sannan ya ce, "Ku shaida, adalcin sarki ba ya cika sai ya tuhumi umarninsa kafin ya tuhumi wanda ya bi shi."