Kifi Biyu a Kwalbar Biki

An yi wani mutum a nan unguwarmu ta bakin teku. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye. Wani dare maƙwabta suka fara jin wani sauti daga bayan gidansa, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa tangaran da farce. Wasu suka ce tsaka ce, wasu suka ce aljanu. Da safe na je na kasa kunne, sai na tarar kifi ne. Ya 'yan uwa, kifi ma yana magana, da haƙoransa yake yi.

Sana'ar mutumin kiwon kifin ado ce, wannan ɗan ƙaramin mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda muke kira ɗan kama. Ba daga teku yake kamo su ba, a gida suke hayayyafa. Dukiyarsa kaf iyayen kifin ne, mace da namiji bibbiyu a manyan tankunan gilashi, kowane aure da 'yar tukunyar ƙasa da suke manna ƙwai a jikinta. Sai an yi shekaru ana lallaɓa su kafin su yarda da juna su fara ƙwai. Na sha zama ina kallon namijin yana yi wa ƙwan fifita, ko abinci ba ya tsayawa ci. Allah mai iko.

To me ya kawo sautin? Kun san mu nan ba a sallamar baƙon biki hannu rabbana, ko mafici ne ko ɗan cokali sai an ba shi. Wata mai shirya bukukuwa daga birnin Surabaya ta ce masa baƙi sun gaji da mafici. Sai ya fara zuba 'ya'yan kifin bibbiyu, wai ango da amarya, a kwalabe kamar kofin shayi, a ɗaura musu jan ƙyalle. Ya jera ɗaruruwa a kan kanta a bayan gida. Shi kuwa wannan kifi, in aka matse shi da ɗan uwansa, sai ya riƙa cizon haƙora yana cewa matsa mini. Kukan da muka ji ke nan.

Matarsa Wartini ta ce, "Maigida, wannan kwalbar ko barkono na daka a ciki ba zai kai mu Juma'a ba. Rai biyu za ka sa?"

Ya yi dariya ya ce, "Uwargida ta zama malamar kifi. A tanki aka haife su, ba su taɓa ganin teku ba. Wanda bai san fili ba, ina ya san matsi?"

Baƙi suka tafi da kwalabe gidajensu. Babu iska a ciki, babu abin tace ruwa. Wani ya ƙara ruwan famfo, wata ta barbaɗa gishirin miya, yara suka jefa shinkafa. Kafin lallen amarya ya goge, kifin ya juya ciki sama. Mutumin ya san haka za a yi tun kafin ya ɗaura ƙyallen. In an kawo masa ƙorafi, sai ya ce kwanansa ne ya ƙare.

Da watan babbar salla ya kama, bukukuwa suka yi yawa, kwalabe suka yi masa kaɗan. Sai ya sa aka riƙa dawo masa da tsofaffin. Wasu na zuwa da kifi mai sauran numfashi, cuta ta sa jikinsa kamar an yayyafa masa gari. Maimakon ya ware su, sai ya juye su cikin tankin 'ya'ya, wai su farfaɗo ya sake sayarwa. Da koma ɗaya yake kamu a duk tankunan. Wartini ta ce ya dafa komar ko ya shanya ta, ya ce ba shi da lokaci.

Cutar ta bi komar. 'Ya'yan suka fara mutuwa, sannan ta shiga tankunan iyaye. Ya zuba magani, ya sauya ruwa, ya yanka kaza ya yi sadaka. Na ƙarshe su ne auren da ya fara sana'ar da su. Macen ta mutu da hantsi. Namijin bai bar bakin tukunyar ba, yana ta fifita ƙwan da ya riga ya lalace ya yi fari, har la'asar, shi ma ya kwanta. Mutumin ya zauna a ƙasa cikin ruwa ya rufe fuskarsa da hula.

Ya 'yan uwa, ba a hana kiwo ba, ba a hana ciniki ba. Amma wa ya gaya maka haihuwar dabba a hannunka ta halatta maka ƙuntata mata? Ai shi ya ƙara maka nauyi, domin ba ta da wani gida sai wanda ka ba ta. Kun san makomar matar nan ta cikin hadisi da ta kulle kyanwa har ta mutu. In ba ka da wurin da zai ishi rai, bar shi. In ka san mai saye ba zai iya riƙe shi ba, gaya masa gaskiya, ko da cinikin zai wuce ka. Allah ka sa tausayi a zukatanmu, ka kiyaye mu daga cin abinci da numfashin wani.

Ranar da mai sayar da tarwaɗa ya sayi tankunan ya zo kwashe su, muna tsaye a ƙofar gidan, sai ga maƙwabciyarsu tsohuwa Sumirah da kwalba a hannu. Jikarta ce ta samo a wani biki. Kifi ɗaya ya mutu, ɗayan na nan yana ɗan motsi, tsohuwar ta yi ta ɗebo masa ruwan teku kullum da ludayi. Ta dubi amalanken da ke fita da gilasan, ta dubi mutumin, ta ce, "Ɗana, to wannan da ya rage fa, a ina zan sa shi?"