Madacin Makaranta da Ɗaliban Dakta Kulu

Ku gyara zama ku saurara da kyau, don in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

Dakta Kulu malama ce a jami'a, aikinta ta ɗauki ɗaliban lissafi da kimiyya ta mai da su malaman sakandare. Wata shekara ta tura uku koyarwar gwaji a wata makarantar ƙauye: Zuwaira mai ilimin halittu, Tasi'u mai lissafi, da Nafi'u mai fiziks. Dukansu kansu na ja. Amma da ta je duba su, sai ta tarar allo suke yi wa karatu, yara na bayansu suna hamma.

Ta ce musu, "Allo ba ya zana jarrabawa. Ku juyo ku dubi yaran nan." Ta fasa komawa birni, ta ce sai ta ga abin da za su yi.

To, a tsakar makarantar akwai wani tsohon madaci da gara ta cinye cikinsa, ya karkata kan ɗakin gwaje-gwaje, wanda babu irinsa a duk yankin. Ga damina ta ƙarato. Masu sara sun zo sun koma, saboda zuma ta yi gida a kogonsa, kuma ba wanda ya san inda za a kayar da shi ba a yi ɓarna ba.

Zuwaira ta fito da ajinta waje, ta koya musu yadda zuma ke bin sarauniyarta duk inda ta je. Suka saƙa amya, suka turara hayaƙin kashin shanu, Zuwaira ta rufe jikinta ruf ta ɗauko sarauniyar ta sa a amyar, sauran zumar suka biyo baya. Ba wanda aka harba sai shugaban makaranta, Malam Ɗanjuma, da ya zo leƙe yana ƙamshin turare. A hanci ta same shi.

Tasi'u ya kafa sanda a rana. Yara suka auna inuwarta, suka auna inuwar madacin, suka fitar da tsawonsa da kansu ba wanda ya hau. Lissafin ya nuna wuri ɗaya ne kawai zai ɗauke shi, wani lungu tsakanin tankin ruwa da katanga. Suka zana layi da toka daidai inda kansa zai tsaya.

Sai dai itacen ba can ya karkata ba. Nafi'u ya aro igiyoyi da ƙarafan nan masu juyawa da ake jan guga da su a rijiya. Ya harhaɗa su, ya sa yarinyar da ta fi kowa ƙanƙanta ta ɗaga buhun masara da hannu ɗaya, ajin ya kaure da dariya. Ranar sara, ya tsayar da yaran can nesa da layin toka riƙe da igiya. Masu sara na sara, yaran suka ja, madacin ya miƙe, ya yi ƙara, ya kwanta a lungun nan. Ko kwano ɗaya na rufin ɗakin bai lotsa ba.

Dakta Kulu na cikin murna sai ga Malam Ɗanjuma, hanci a kumbure. Ya ce, "Dakta, an ba mu gurbin malamin kimiyya, amma ɗaya ne tak. Ke kika san su, ki zaɓa mana."

Nan murnarta ta koma tunani. Ba don Zuwaira ba, ba mai kusantar itacen. Ba don Tasi'u ba, da an kayar da shi kan tankin da duk makaranta ke sha. Ba don Nafi'u ba, da lissafin ya tsaya a ƙasa, madacin ya bi nauyinsa ya rushe ɗakin. Ta tambayi yara, suka rabu uku, har aka tashi ba su daina musu ba.

To jama'a, da ku ne Dakta Kulu, wa za ku bar wa yaran nan?