Wasiƙun Jakada da Tsagar Madatsa

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan. Tun da kun ce aikin jarida kuke son koya, ga wani labari. Ba mai daɗi ba ne, kuma in na gama ku za ku yanke hukunci, don ni na kasa.

Bara waccan ina aikin gyaran rubutu a wata jarida mai fitowa duk ranar Alhamis. Ba zan faɗi sunanta ba, ta riga ta mutu. Mutum uku ne suka riƙe ta kamar duwatsun murhu. Akwai Sha'aibu Gwadabe, mai farauto labari, wanda babur ɗinsa ya san kowace hanyar ƙauye a jiharmu. Akwai Ladidi Makama, wadda ta yi karatu a ƙasar waje, tana jin harsuna huɗu, kuma ba a buga komai sai ta tantance shi. Sai editanmu, Malam Barau Ɗantsoho, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya yi shekara talatin yana aikin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Arewa da garinmu akwai madatsar ruwa ta Kwarin Marke, wadda kamfanin wata ƙasar ƙetare ya gina. A ƙarƙashinta ƙauyuka goma sha ɗaya ne, manoman shinkafa da masunta.

Damina na farawa, wata mata da ke adana fayil a ofishin jakadancin waccan ƙasar ta nemi Sha'aibu. 'Yar ɗaya daga ƙauyukan ce, kuma ta yi shekaru tana lura da shi kafin ta yarda da shi. A wajen wani suna ta miƙa masa kwanon cincin. A ƙarƙashin cincin ɗin akwai kwafin wasiƙun sirri, shafi arba'in da ɗaya, waɗanda jakada ke aika wa gwamnatinsa. Ta sa shi ya rantse ba zai taɓa ambatonta ba, ko da wuƙa a wuyansa. Ya rantse.

Ladidi ta fassara mana su a ofis. Wasiƙun sun ce bangon madatsar ya tsage, tsagar kuma tana ƙara buɗewa. Wani injiniya mai kula da ita, Tanko Mairiga, ya kai ƙara wajen manyansa sau uku suka rufe masa baki, sai ya je ofishin jakadancin a ɓoye, yana zaton masu ginin za su ji tsoron Allah. Jakada ya rubuta sunansa, da sunayen wasu mutum bakwai da suka ba da bayani. Ya kuma rubuta cewa shi da ma'aikatar ruwa sun daidaita a yi shiru sai bayan zaɓe.

Sha'aibu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Malam, a buga ranar Alhamis ɗin nan. Duka, da sunaye, da hatimi. Ruwa ba ya jiran edita."

Malam Barau ya ce, "In muka buga da sunaye, mun yanka mutum takwas da hannunmu. In muka buga ba mu tantance ba, aka samu kuskure ko da layi ɗaya ne, za su ce duka jabu ne, mutane su koma su kwanta a ƙarƙashin ruwan. Ladidi, kwana nawa?"

Ta ce, "Ban sani ba, Malam. Sai na gani."

Daga nan kowa ya kama tasa hanya.

Sha'aibu ya kasa zama. Ya hau babur ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, yana tara mutane a ƙofar masallaci da bakin kasuwa yana gaya musu su fara neman wurin zama a tudu. Ko'ina ya je sai a ce masa, "Ina takarda?" Ba shi da ikon nunawa. Wasu suka yarda, suka fara ɗaure kaya, suka aika mata da yara wajen dangi. Wasu suka ce ɗan siyasa ne aka turo don a raba su da fadamarsu. Wani dagaci kuwa, ba da mugun nufi ba, ya kai maganar wajen hakimi don ya ji ko gaskiya ce, hakimi ya tambayi ma'aikatar ruwa. Ta haka hukuma ta fara jin ƙanshin cewa asiri ya fita.

Ladidi ta rufe kanta da takardun kwana goma sha tara. Ta gwada hatimi da hatimi, ta bi lambar kowace wasiƙa da ranarta, ta binciko inda jakada yake a kowace rana. Sai ta gano shafi uku jabu ne: an rubuta su da kwanan watan da jakadan ba ya ma ƙasar. Shafukan nan sun ce dagatan ƙauyukan sun karɓi toshiyar baki, alhali ba su san komai ba. Tarko ne, irin wanda ake cusawa a fayil don in ya fita a ƙaryata sauran. Da an buga su, da an ƙone gidajen bayin Allah, da kuma gwamnati ta sami sandar dukanmu. Amma ko da ta cire su, ba ta yarda ta dogara da takarda kaɗai ba. Ta shiga motar haya ta je gidan Injiniya Tanko a rukunin gidajen ma'aikatan madatsa, ta ce ita 'yar uwar matarsa ce. Ya nuna mata awon da ya yi da hannunsa, ya ce ta rubuta, shi ya gaji da tsoro. Da za ta fita, mai gadin ƙofa ya kalle ta da kyau. Hotonta yana fitowa a jarida kowane mako.

Malam Barau ya karɓi abin da ya rage, ya ɗauki baƙin alƙalami ya shafe sunayen mutum takwas ɗin, da muƙamansu, da garuruwansu. Ya cire duk abin da ya shafi hirar jakadu da gulmar manya, wanda ba ruwansa da madatsa, ko da yake shi ne zai fi sayar da jarida. Sannan ya bi ƙa'idar da bai taɓa karyawa ba: saura kwana biyu a buga, ya aika wa ma'aikatar ruwa da ofishin jakadancin tambayoyi, don kada a ce an yi musu hukunci ba a ji ta bakinsu ba. Ba su amsa tambaya ko ɗaya ba. Sai suka turo masa mutane, na farko da lallashi da tayin kujera, na biyu da sunan makarantar da jikokinsa suke. Ya raka su bakin ƙofa, ya dawo ya ce a ɗora a inji. Layi ɗaya ya bari daga maganar injiniyan, don shi ne ƙashin bayan shaidar: cewa mai ba da bayanin ya auna tsagar da hannunsa a safiyar ranar Sallah. Ni na karanta layin nan sau uku ina gyara waƙafi, ban ga komai a cikinsa ba. Ashe ranar Sallah mutum ɗaya ne kaɗai ya yi aiki a madatsa.

Jarida ta fito ranar Alhamis. Kafin azahar ta ƙare a gari, aka riƙa karanta ta da ƙarfi a tashoshin mota da kasuwannin ƙauye. Gwamnati ta ce sharri ne, amma ta kasa nuna kuskure ko guda, kuma mutane suka lura da haka. Cikin kwana shida ƙauyuka takwas suka kwashe suka hau tudu, kusan mutum dubu tara. Sun yi sauri ne don Sha'aibu ya riga ya sa sun ɗaure kaya. Amma ƙauyuka uku na can ƙasan kwari suka ƙi motsi. Suka ce wancan mai babur ɗin ya zo da zancen nan tun mako uku da suka wuce, ga shi har yau ba su ga komai ba, shinkafa kuma ta fara ɗaukar ciki.

Washegarin fitar labarin, ranar Juma'a, aka rufe ofishin jaridar da kwaɗo. Aka kama Sha'aibu. Aka je gidan Injiniya Tanko yana cin abincin rana, aka tafi da shi, matarsa ta bi motar da takalmansa a hannu.

Kwana tara da fitar labarin aka tsuge da ruwa, kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Ma'aikatan madatsa suka so buɗe ƙofofin sakin ruwa don a rage nauyi, babbar ƙofar ta cije. Injiniya Tanko kaɗai ne ya san yadda ake buɗe ta da hannu, shi kuwa yana tsare. Da hantsin rana ta uku bangon ya tafi. Mutum ɗari uku da goma sha biyu aka ƙirga a ƙauyukan nan uku, ban da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Na je wurin bayan ruwa ya janye. Na ga turmi a saman bishiyar giginya.

Bayan kwana goma sha biyu aka kawo wa iyalin Injiniya Tanko gawarsa, aka ce hawan jini ne, aka hana buɗe likkafani. Sha'aibu ya yi kwana arba'in da shida a hannun hukuma. Tambaya ɗaya suke masa, wa ya ba ka? Ya fito hannunsa na dama ba ya riƙe alƙalami, bai faɗa ba. Matar nan mai adana fayil tana nan da ranta, haka sauran mutum bakwai ɗin da Malam Barau ya shafe sunayensu. An kafa kwamitin bincike, ya zauna, ya tashi. Jakada ya koma ƙasarsu aka ƙara masa girma. Shugaban ma'aikatar ruwa aka mayar da shi ma'aikatar gona. Waɗanda suka tsira suna nan a tudu cikin bukkokin leda, ba gona, ba kifi.

Mutanen nan uku kuwa, yanzu in sun haɗu a jana'iza gaisuwa kawai ke haɗa su. Ba wanda ya taɓa zargin ɗan uwansa a fili. Ladidi ta daina aikin jarida, tana koyarwa a wata firamare. Ta taɓa gaya mini har yanzu takan zauna tana lissafin kwana goma sha taran nan, tana neman waɗanda za ta iya ragewa. Malam Barau ya tsufa tashi ɗaya, ba ya fita sai masallaci. Sha'aibu yana yawo a sansanin mutanen tudu yana rubuta sunayen matattu da hannun hagu, ba inda zai buga.

Makon jiya Azumi, matar marigayi Injiniya Tanko, ta zo gidana. Ta zauna a tabarma ta kwance wani ƙunshi. Littattafai ne guda biyar, rubutun mijinta. Ashe an taɓa tura shi duba wasu madatsu biyu a jihar, kuma abin da ya gani a can ya rubuta, da awo, da ranaku, da sunayen ma'aikatan da suka nuna masa.

Ta ce, "Baba, madatsun nan ma akwai mutane a ƙarƙashinsu, damina kuma saura wata biyu. Na so in ƙone su, na kasa. Amma ba zan ba mutum uku ba. Na ga abin da hannu uku suka yi mini. Ɗaya zan ba, ya yi yadda ya ga dama, in an mutu in san wanda zan tsaya da shi gaban Allah. Kai ka zauna da su. Wa zan ba?"

Na ce ta ba ni zuwa Juma'a.

To, ga su nan. Ba don Sha'aibu ba, da takardun suna nan a fayil har yau, da mutum dubu tara ba su ɗaure kaya da wuri ba, kuma ya ba da hannunsa don ya cika alkawari. Amma gaggawarsa ce ta farkar da hukuma, ita ce kuma ta sa ƙauyuka uku suka gaji da gargaɗi kafin gaskiya ta iso. Ba don Ladidi ba, da mun buga ƙarya tare da gaskiya, da an ƙaryata duka, da ba wanda ya tashi. Amma kwana goma sha tara ta ci daga damina, kuma ƙafarta ce ta nuna ƙofar Tanko. Ba don Malam Barau ba, da mutum bakwai sun bi Tanko, da kuma labarin bai fito ba sam, don wani editan da ya karɓi kujerar. Amma shi ya ba azzalumai kwana biyu su shirya, shi kuma ya bar layin da ya ƙarasa mutumin.

Juma'a jibi ce, Azumi za ta dawo da ƙunshinta. Ku da kuke son aikin nan, ku gaya mini: a cikin ukun nan, wa ya cancanci a damƙa masa littattafan?