Gizo Mai Gadin Kabewa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ƙoƙi matar Gizo tana da irin kabewa ɗan cikin tafin hannu, shi kaɗai uwarta ta mutu ta bar mata. Da damina ta sauka ta shuka shi duka a bayan gida. In bai yi 'ya'ya ba bana, irin ya ƙare ke nan.

Kabewa ta yi yaɗo, ta fitar da fure ruwan ɗorawa, gwanin kyau. Ƙoƙi ta ce Gizo ya taya ta cire ciyawa. Malam na lalaci ya dafe ƙugu ya ce bayansa ba ya sunkuyo, amma zai yi gadi, in za a ƙara masa malmalar tuwo.

To, mai gadin da bai kama kowa ba da wane baki zai nemi ƙari? Ya ga Zuma ta kutsa cikin fure, ya turnuƙe ta da hayaƙi. Ya ga Kwaɗo a ƙarƙashin ganye, ya bi shi da sanda. Ya ga Balbela tana takawa a kan kunyar gona, ya jefe ta da hoge.

Kullum sai ya dawo yana haki: "Ƙoƙi, na koyi ɓayayi! Ƙaya tuwo."

Ba a jima ba fure ya dinga zuba ba ɗa ko ɗaya, tsutsa da fara suka far wa ganye. Ƙoƙi ta tsaya a gonar, ba ƙugin Zuma, ba kukan Kwaɗo. Nan ta gane su wa aka kora.

Ta dama fura kamar yadda ake yi wa 'yan gayya, ta same su a bakin tafki, ta durƙusa ta ba su haƙuri.

Zuma ta ce, "Ɗauki furarki, baiwar Allah. Tun zamanin uwarki muke zuwa gayyar nan, abincinmu yana cikin gonar. Ita dai takan ce mana sannu da aiki."

Kunya ta kama Ƙoƙi, har da hawaye. Ta ce musu sannu, ta sake cewa.

Suka dawo. Furen ƙarshe ya kama, kabewa ta yi 'ya'ya manya kamar tulu. Ƙoƙi ta fasa ta fari, ta shanya iri, ta yi miyar taushe.

Gizo ya wanke hannu, sai ta janye akushi. Ta ce ba loma sai ya je ya gaida ma'aikata. Ya gaida Zuma, ya gaida Balbela. Da ya zo kan Kwaɗo, sai Kwaɗo ya ce tun ranar sandar nan kunnensa ya yi nauyi, a ɗaga murya. Gizo yana "shannu da aiki", Kwaɗo yana "me ka ce?", har tuwo ya huce.

Ku ji, yara: yaba kyauta tukuici. Ƙaramar halittar da kuka gani a gona, ku bar ta, wataƙila tuwonku take yi wa aiki.

Ƙungurus kan ɗan kusu, ya ji ƙanshin taushe ya leƙo.